Hannun Wanzami da Watanni Takwas a Bangalo

Da hantsi jirginmu ya sauka Bombay, a watan biyu na 1998. Abin da ya fara tarye ni zafi ne mai ɗanshi, irin wanda ke manne wa mutum a fata kamar an shafa masa koko. Ƙaramar jaka na rataye a kafaɗata, ina jan babban akwati, ga takarda a hannuna wadda Dakta Yohanna ya rubuta mini komai a ciki: sunan tashar jirgin ƙasa, lokacin tashinsa, da sunan asibitin da zan je a Bangalo, can kudancin Indiya. Shekaruna talatin da huɗu, 'ya'yana uku, kuma kafin wannan tafiya ban taɓa wuce Kaduna ba.

Ni nas ce a Gusau. Haifaffiyar Tsafe ce ni, aure ya kai ni Bungudu inda maigidana yake koyarwa, kullum a motar haya nake zuwa aiki in koma. Dakta Yohanna mutumin Filato ne, Kirista, amma ya daɗe a cikinmu har Hausarsa ta koma ta Zamfarawa. Shi ya ware ranar Alhamis don ganin masu ciwon makyarkyata, wanda likitoci ke kira Fakinsin. Ciwo ne da ke farawa da rawar hannu, sannan jiki ya sage, tafiya ta yi nauyi, murya ta shige ciki. A wajenmu wasu sun ce iska ce, wasu sun ce sammu, wasu kuwa tsufa kawai suke kiransa. Ni ce nake taya shi wannan aiki, kuma ba don Allah kaɗai ba. Babana na cikin masu zuwa.

Sunansa Malam Garba, wanzami ne, ya fi shekara arba'in yana aski da ƙaho a Tsafe da ƙauyukan Kucheri, da damina kuma ya noma auduga. Wata safiyar suna ya ɗora aska a kan jariri, sai hannun ya sage, ya hau rawa. Bai yanke yaron ba. Ya miƙa wa ƙanensa askar, ya koma gida ya rataye zabirarsa a ƙusa, bai sake sauke ta ba.

Shekara biyu muna ɗaukar marasa lafiyarmu a bidiyo da kyamarar wani mai ɗaukar biki, har muka cika kaset uku. Ni na bi su gida-gida neman izini, kuma alkawari ɗaya na yi wa kowa: likitoci kaɗai za su gani, don neman ilimi, kuma sai ina wurin. Da Dakta ya rubuta wa wata farfesa da ke binciken wannan ciwo a Bangalo, ta amsa cewa a turo mata nas ɗaya ta koyi aiki, ta taho da kaset ɗin. Su ne a cikin ƙaramar jakar da ke kafaɗata.

Ina fita ƙofar filin jirgin wani mutum mai farar riga ya dubi mayafina ya yi mini sallama irin ta Musulunci. Sai na ji kamar na ga ɗan'uwa. Ya ce direban tasi ne, ya karɓi akwatina ya sa a bayan mota. Muna cikin tafiya ya karanta takardata, ya girgiza kai, ya ce ai jirgin ƙasan Bangalo ba ya tashi wannan makon, gada ta karye. Amma kada in damu, ya san ofishin da ake samun bas. An ce baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Na yi masa godiya har da addu'a.

Ofishin wani ɗaki ne a saman bene, cikin lungu, da tebur da fanka da maza biyu. Suka karɓi fasfo ɗina suka ce za su rubuta suna, sai na ga an jefa shi a aljihun tebur an murɗa makulli. Suka faɗi kuɗin bas da ya fi ƙarfin hankali, suka kuma ce in ajiye jakar hannuna a wani ɗaki. A nan jikina ya ba ni. Na ce a ba ni fasfo ɗina, suka yi kamar ba su ji Turancina ba.

Na taɓa ganin yadda matan Tsafe masu sayar da gyaɗa ke yi wa kwandastan da ya so cin zalinsu a tasha. Na fita bakin matakala, na zauna dirshan a ƙasa, na rungume jakata, na buɗe murya da Hausa. Ban san abin da na faɗa ba, na dai san na kira sunan ubana da na kakana. Masu shaguna suka fara leƙowa, mata suka fito kan baranda. Ba a yi minti goma ba ɗayansu ya jefo mini fasfon a cinya, ya nuna mini hanya. Da na sauko titi, babu tasi babu mai farar riga. Akwatina ya tafi da zannuwana shida, da takalmana, da kuka da daddawa da yajin da Inna ta kwana uku tana daka mini.

Gada ba ta karye ba. Jirgin ya tashi a kan lokacinsa, ni ce ban same shi ba. A ɗakin jiran mata na tasha na kwana, na yi matashi da jakar, washegari na sami tikitin da babu wurin zama. Taragon ya cika har ƙofa. Na tsaya wajen awa uku da ƙafa kusan ɗaya, kafin wata tsohuwa mai jan ɗigo a goshi ta ja gefen zanena, ta matsa, ta sama mini wurin da bai fi tafin hannu biyu ba. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarenta. Da azahar ta kwance ƙunshi ta zuba mini shinkafa mai tsami a kan ganye, ta tsare ni da ido sai da na cinye. Na nuna mata hoton 'ya'yana, ta nuna kanta ta ɗaga yatsu bakwai. Da sanyi ya sauko ta yafa mini mayafinta na ulu, da za ta sauka a wata tasha na miƙa mata ta ture hannuna. Yini da kwana muka yi a hanya. Har yau ban san sunanta ba.

Bangalo gari ne mai itatuwa da sanyin safiya. Aka ba ni gado a masaukin nas-nas, aka ara mini farar rigar aiki, na sayi riga da wando irin nasu kala biyu, ina wanke ɗaya ina sa ɗaya. Makonnin farko sun yi mini wuya. Turancina bai shiga kunnensu, nasu bai shiga nawa. In na tambayi abu sai mutum ya kaɗa kai gefe da gefe, ni kuwa in juya in tafi a zaton an hana ni, ashe amincewa ce. Sau biyu ina rasa abincin rana a kan haka. Abincin ma shinkafa ce safe da rana da yamma, da romo mai tsami da ban san kansa ba. Na rame har zoben aurena ya riƙa zamewa.

Farfesa Kamala ƙaramar mace ce mai furfura, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Ranar farko ta gaishe ni, ta ce a ajiye kaset sai ta sami lokaci, ta haɗa ni da wani matashin likita, Dakta Anil, ya koya mini awo. Awon kuwa ba na na'ura ba ne, na ido ne da haƙuri. Za ka sa mara lafiya ya riƙa haɗa babban yatsa da manuni da sauri, ka lura ko motsin na ƙanƙancewa. Ka sa ya tashi daga kujera hannuwansa a ƙirji. Ka sa ya yi tafiya ya juyo, ka ga ko hannunsa na lilo. Ka tsaya bayansa ka ɗan fizgi kafaɗunsa ka ga taku nawa zai yi kafin ya tsaya. Kowanne da makinsa, kuma dole makin da na ba mutum ya zo ɗaya da wanda wani zai ba shi, in ba haka ba binciken ya zama shirme. Wata guda ina yi ana sokewa.

Akwai kuma takardar tambayoyi mai tsawo don neman musabbabin ciwon. Ruwan rijiya mutum yake sha ko na famfo? Ya taɓa feshin maganin ƙwari a gona? Shekara nawa? Akwai mai irin ciwon a danginsa? Ya taɓa buguwa a kai? Duk lokacin da na zo kan tambayar feshi sai in tuna Baba da tankin feshi a bayansa cikin auduga, babu abin rufe hanci, ya dawo ya wanke hannu da ƙasa ya ci tuwo. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambayi Farfesa ko feshin ne ke kawo ciwon. Ta ce ana zargi, ba a tabbatar ba. Ta ce an san wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa a hankali, waɗanda ke samar da sinadarin da ke sa motsi ya tafi daidai, amma abin da ke kashe su, wannan shi suke nema tun tana budurwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin wani sabon magani da suke yi. Rabin marasa lafiyan ana ba su na gaske, rabi ana ba su ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta, kuma daga likita har mara lafiya ba wanda ya san wa ya sami wanne. Na ce wa Dakta Anil wannan ai yaudara ce. Ya ce an gaya wa kowa tun farko, sun sa hannu, kuma ba a hana kowa tsohon maganinsa ba. Ban gamsu ba sai da na ga wani dattijo da ya rantse mini sabon maganin ya warkar da shi, ya tashi ya taka mini rawa. Bayan an kammala gwajin aka buɗe takardu, ashe ƙwayar banza yake sha. Daga nan na gane dalilin rufe idon kowa. Sa rai ma yana motsa jiki, kuma in ba a raba shi da aikin magani ba, sai a yi ta sayar wa talaka alli.

Babbar Sallah ta same ni a can. Na yi salla ni kaɗai a gefen gado, na sa rigar aiki na tafi asibiti, don ranar ba kowa ya san da ita ba a sashenmu. Wayar tarho zuwa Gusau sai an yi sa'a, wasiƙa kuwa mako uku take yi. Da rana na zauna bayan ɗakin wanki ina tunanin wa zai yi wa 'yata Hauwa kitso, sai hawaye. Lakshimi, matar da ke share sashenmu, ta gan ni ta wuce. Washegari ta kira ni da hannu ta buɗe kwanon abincinta. Malmala ce baƙa-baƙa, mulmulalliya, da miyar ganye a gefe. Na gutsura na kai baki. Tuwon tamba ne, irin wanda matar Dakta Yohanna ke yi, miyar kuwa zogale ce tsagwaronta. Na ce mata zogale, ta faɗi nasu sunan, muka yi ta dariya kamar mahaukata. A wurinsu abincin talakawa ne, shi ya sa ba a dafa shi a masauki. Daga ranar kullum da malmala biyu take zuwa, ni kuma in gyara mata ciwon ƙafar da ta daɗe tana fama da shi. A wata guda zobena ya daina zamewa.

Kaset ɗina kuwa suna wurin Dakta Anil. Ya karɓa ya ce zai duba ko na'urarsu za ta karanta su, na tambaya sau biyu ya ce tukuna. Wata Juma'a na makara zuwa taron mako da ake yi a babban ɗaki, inda likitoci da ɗalibai kan cika. Ina tura ƙofa sai na ji Hausa. A talabijin ɗin gaban ɗaki ga wata baiwar Allah 'yar garin Mada, matar kulle, wadda sai da na je gidansu sau uku kafin mijinta ya yarda, fuskarta a buɗe gaban maza fiye da hamsin. A allo an rubuta sunan Dakta Anil shi kaɗai, ƙarƙashinsa an sa wai marasa lafiya daga wani ƙauyen Afirka.

Ban gama shan wannan ba hoton ya sauya, sai ga Baba. An ce ya taka zuwa ƙofa, ya taho da 'yan gajerun taku, da ya iso bakin ƙofar ƙafafunsa suka manne da ƙasa. Ya yi ta karkarwa a wuri ɗaya, hularsa ta zame ta rufe masa ido. Wasu ɗalibai a baya suka yi dariya.

Ban san lokacin da na ratsa ɗakin ba. Na tsaya a gaban talabijin na rufe shi da jikina, na ce da Turancin da ya zo bakina:

"Wannan mahaifina ne. Sunansa Malam Garba. Shi da sauran sun yarda a ɗauke su ne bisa alkawarin ba za a nuna su ba sai ina wurin. Ni na yi alkawarin, kuma ba a tambaye ni ba."

Na riga na sallama cewa gobe za a sa ni a jirgi. Farfesa Kamala ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta. Ta tambayi Dakta Anil wa ya ɗauki hotunan, wa ya auna mutanen. Ya yi ƙasa da kai. Ta ce ya goge allon. Ta ce ɗalibai su fita, likitocin sashe kaɗai su tsaya. Sannan ta juyo gare ni.

"Nas Rabi, ki yi haƙuri. Laifina ne da na bar su wata uku ban duba ba. In kin yarda mu gani, ke za ki gabatar da su, tunda ke kika san su. Wanda kika ce a tsallake, a tsallake."

Na tsallake matar Mada, na ce sai mata zalla. Sauran na bi su ɗaya bayan ɗaya, na faɗi sana'ar kowa, da shekarar da ciwon ya fara, da rijiyar da yake sha. Awa biyu muka yi. Wani babban likita ya ce shi an koya masa ciwon nan bai cika kama baƙar fata ba. Na ce masa waɗannan su ne masu kuɗin motar zuwa Gusau ranar Alhamis, na cikin ƙauyuka ba wanda ya ƙidaya su.

Da aka dawo kan Baba, Farfesa ta sa aka maimaita sau uku. Ta tambayi maganin da yake sha, na ce lebodofa, wanda Dakta Yohanna ke samo masa daga Kano, amma wata rana ya yi aiki wata rana kamar bai sha ba. Ta ce da me yake haɗiye shi? Na ce da fura da nono da safe, da rana kuma bayan ya ci shinkafa da wake. Ta sa na bayyana mata mene ne nono. Sai ta ce nono da wake da nama kan tare wa maganin hanya a jikin wasu mutane. Ya sha da ruwa zalla, ya jira kamar awa guda kafin ya ci abinci, nonon kuma a mayar da shi can yamma. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, amma a gwada.

A ranar na rubuta wa maigidana, na roƙe shi ya hau babur ya je Tsafe ya karanta wa Inna da bakinsa. Mako bakwai ina zuwa ɗakin wasiƙu. Da amsar ta zo, a cikin takardar maigidana akwai wata 'yar ƙarama a ninke, da ajami, haruffan ƙanana kamar tururuwa, layin yana gangarowa ƙasa. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, ina gaishe ki. Mun bi maganarki, hura sai bayan la'asar. Da hannuna na rubuta wagga takarda. Jiya ni na ɗaure tazugena da kaina. Ki tsaya ki gama abin da ya kai ki."

Shekara biyu rabonsa da riƙe alƙalami. Na kai wa Farfesa, ta juya takardar sama da ƙasa don ba ta san ta inda ake karantawa ba, ta ce in fassara. Da na zo kan tazuge sai da na nuna mata a jikin wandona, ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi ba.

Dakta Anil ya yi mako biyu yana kauce mini. Daga baya ya same ni ya ba ni haƙuri, ba da dogon zance ba, kuma shi ya zauna da ni muka fassara takardar tambayoyin nan zuwa Hausa, yana tambaya ina bayani. Rahoton da aka rubuta a kan mutanenmu ya fita da sunan Dakta Yohanna a gaba, nawa na biye. Dakta Anil ne kuma ya nema mini izinin shiga ɗakin tiyata ranar da aka yi wa wani malamin makaranta aiki a ƙwaƙwalwa yana farke. An ɗaure kansa a wani ƙarfe, an huda ƙoƙon, likita na zura siririyar waya yana ce masa ya ɗaga hannu ya ƙirga. Hannun na ta kaɗawa kamar ganye, sai kawai ya tsaya cak. Mutumin ya juya tafinsa yana kallo, ya ce a kira matarsa. Da muka fito na tambayi Farfesa ko za a iya yi wa Baba. Ta ce a'a. Aikin na waɗanda magani ya daina riƙewa ne, yana da haɗari, kuma shi ma ba ya tsayar da ciwon, sassauci ne kawai. Na ji zafin maganar, amma na gode da ba ta rufe ni ba.

A watana na ƙarshe aka fara tura ni gidajen marasa lafiya tare da wata nas. Muka je gidan wani tsohon ma'aikacin gidan waya wanda a asibiti sai an riƙe shi yake ƙetare ƙofa. A gidansa kuwa shi ya taso ya tare mu. Matan can kan yi zane da garin shinkafa a ƙofar gida kowace safiya don ado. Matarsa ta lura in ya zo kan zanen yakan ɗaga ƙafa ya tsallake, sai ta riƙa ja masa layuka a gicciye, taku ɗaya tsakani, daga gado har bakin titi. Farfesa ta ce abin sananne ne, in ido ya sami abin tsallakewa ƙafa takan saki, ko da yake ba kowa yake yi wa aiki ba. Na auna tazarar layukan da tafin ƙafata na rubuta.

Ranar da zan taho Lakshimi ta kawo mini garin tamba a ƙulle cikin tsumma, na ba ta ɗaya daga cikin 'yan kunnena biyu na azurfa don ba ni da abin da ya fi shi. Har Bombay aka haɗa ni da ɗan rakiya.

Da kaka na dawo. Maigidana ya tare ni a Kano, muka biyo ta Funtuwa, gero duk an yanke, dawa ta sunkuyar da kai. Tsafe ce a kan hanya, don haka nan muka fara sauka, kuma Inna ta sa an kawo yaran daga Bungudu. Hauwa ta tsaya nesa tana kallona kamar baƙuwa, sai da na kira ta sau biyu ta rugo.

Baba na zaune a bakin gado. Hannun ya yi sauƙi ƙwarai, da kansa ya riƙe kofin ruwa, amma ƙafafun sun ƙara nauyi. Inna ta ce wata biyu ke nan bai fita zaure ba, don ya faɗi sau ɗaya a bakin ƙofa, tsoro ya kama shi. Bayan mun gaisa ya tambayi hanya, ya tambayi abincinsu, ya tambaya ko akwai wanzamai a can. Na ce akwai, a gindin itace suke aski kamar nan. Ya yi murmushi, sannan ya ce:

"To, Uwata, sun samu maganin?"

Na ce ba su samu na warkewa ba, Baba.

"Amma suna biɗa?"

Na ce dare da rana.

"Madalla. Wanda ka biɗa bai yi asara ba. In ba mu ba, na bayanmu."

Da safe bayan ya sha magani na jira awa guda, na ɗebo toka a murhu, na durƙusa na ja layuka daga bakin gadonsa, na ratsa tsakar gida har zaure. Inna na tsaye da tsintsiya tana tambaya ko wani surkullen Indiya ne na koyo. Na ɗaga Baba na ce kada ya dubi ƙofa, layin gabansa kawai zai tsallake. Ya daɗe yana kallon tokar. Ya ɗaga ƙafar dama ya ƙetare na farko, ya ƙetare na biyu. A na huɗu ya zare hannunsa daga nawa. Layi ashirin da uku ne, na ƙirga, kuma a ƙarshensu ya zauna kan dakalin zaure yana haki, masu wucewa zuwa kasuwa suna tsayawa suna miƙa masa hannu.

Na koma aikina na Alhamis. Muka riƙa cike takardar tambayoyi da Hausa muna aika wa Bangalo, muka riƙa tambayar kowa da me yake haɗiye maganinsa, na kuma je Mada na gaya wa matar nan da mijinta abin da ya faru da hotonta, ban rage komai ba. Matar ta ce tunda na tsaya a gaba ta yafe. Musabbabin ciwon har na yi ritaya ban ji an gama gano shi ba, amma na ga mutane da yawa sun ci tuwo da hannunsu bayan sun fid da rai, kuma wannan ya ishe ni.

Baba ya ƙara shekara shida. Duk tsawonsu Inna na share tsakar gida da safe, sannan ta durƙusa ta sake jan layukan, tana mita cewa na ɗora mata aikin da ba lada sai ciwon baya. In ruwa ya wanke ta sake. Washegarin ranar da aka kai shi makwancinsa na fito na tarar ta yi shara, ta ɗebo toka a ƙwarya, har ta ja layi biyu kafin ta tuna. Ta tsaya tana kallonsu. Sannan ta gyara ɗaurin zanenta, ta ƙarasa sauran har bakin zaure.